Filin Tambaya da Amsa: Bin Bishiya da Tari, Uwa a Ƙarshe

Wasiƙun da suka shigo mana wannan karon kusan duk a kan abu guda suka tsaya: bishiyar nan ta masu rubuta manhaja, wadda kowane ƙullinta ba ya wuce 'ya'ya biyu, na hagu da na dama, da kuma yadda ake bin ta a ziyarci 'ya'ya kafin uwarsu ba tare da fankishin, wato guntun kod mai suna da ake kira ya yi wani aiki, ya riƙa kiran kansa ba. A littattafan Turanci sunan wannan tsari post-order, mu kuwa a nan za mu riƙa ce masa uwa-a-ƙarshe. Don kada mu yi ta zane-zane, ga bishiya ɗaya da za mu yi aiki da ita har ƙarshen shafin:

```
        20
       /  \
      9    31
     / \     \
    5   14    40
        /
      12
```

Bishiyar kwamfuta a kife take, saiwa a sama, ganye a ƙasa. Saiwar wannan ita ce 20. In aka bi ta uwa-a-ƙarshe, wato hagu, sannan dama, sannan uwa, jerin da zai fito shi ne 5, 12, 14, 9, 40, 31, 20. Duk kod ɗin da ya fitar da wani abu daban, da sauran gyara.

Tambaya daga wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta: Assalamu alaikum. Na rubuta tsarin uwa-a-farko da na uwa-a-tsakiya da tari guda ba tare da wata wahala ba. Da na zo kan uwa-a-ƙarshe sai abin ya gagare ni. Me ya sa shi kaɗai ya fita daban, kuma wace hanya ce ta fi sauƙi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba kai kaɗai ba ne, kuma akwai dalili.

Tari, wanda wasu ke kira sitak, abu uku kawai ya iya: ka ɗora abu a sama, ka leƙa na saman, ko ka sauke na saman. Na ƙarshen hawa shi ne na farkon sauka. A tsarin uwa-a-farko, da zarar ka sauke ƙulli ka gama da shi: ka buga darajarsa, ka ɗora 'ya'yansa, ba za ka sake waiwayarsa ba. A tsarin uwa-a-tsakiya sau ɗaya kake dawowa kansa, bayan ka gama da hagu, kuma a wannan dawowar kake sallamarsa. Amma a uwa-a-ƙarshe sau biyu kake tarar da ƙulli a saman tari. Dubi 9. Ka gama da 5, ka dawo ka same shi. Lokacinsa bai yi ba, domin 14 na jira. Ka gama da 12 da 14, ka sake dawowa ka same shi a inda ka bar shi. Yanzu ne za a buga shi. A duka dawowar biyu tarin kamarsa ɗaya, 20 a ƙasa, 9 a sama. Tarin shi kaɗai ba zai gaya maka ta wane ɓangare ka fito ba. Idan fankishin ne ke kiran kansa, kwamfuta ce ke riƙe maka wannan bayani, domin tana ajiye layin da za a koma bayan kowane kira. Da ka ajiye kiran kai, wannan nauyi ya dawo wuyanka, kuma duk dabarun da za ka gani a wannan shafi hanyoyi ne kawai na ɗaukarsa ko na kauce masa.

Hanya mafi sauƙi kauce masa take yi. In ka karanta jerin hagu, dama, uwa daga ƙarshe zuwa farko, za ka ga uwa, dama, hagu. Wannan kuwa uwa-a-farko ne da aka sauya wa hannu, kuma ka riga ka iya shi. Sai ka bi bishiyar a haka, amma maimakon ka buga ƙullin da ka sauke, ka ɗora shi a tari na biyu. In an gama, ka sauke tari na biyun.

```
def da_tari_biyu(saiwa):
    if saiwa is None:
        return
    aiki = [saiwa]
    fita = []
    while aiki:
        kulli = aiki.pop()
        fita.append(kulli)
        if kulli.hagu is not None:
            aiki.append(kulli.hagu)
        if kulli.dama is not None:
            aiki.append(kulli.dama)
    while fita:
        print(fita.pop().daraja)
```

A bishiyarmu, 20 ne zai fara shiga `fita`, a bar 9 da 31 a `aiki`, 31 a sama. Daga nan 31 ya shiga, sai 40, sai 9, sai 14, sai 12, sai 5. Da aka juya aka sauke: 5, 12, 14, 9, 40, 31, 20. Daidai.

Ka kula da wanda ake fara ɗorawa. Hagu ne farko, dama ya hau kansa, saɓanin yadda hannunka ya saba a uwa-a-farko. In ka musanya su za ka samu 40, 31, 12, 14, 5, 9, 20. Abin da ya sa wannan kuskure ke daɗewa ba a gano shi ba shi ne har yanzu 'ya'ya na fitowa kafin uwarsu, don haka in tsayin bishiya ko yawan ƙullayenta kake lissafawa, amsar za ta fito daidai. Sai ranar da aka ba ka bishiyar lissafi mai ɗebewa ko rabawa asiri zai tonu.

Aibin wannan hanya guda biyu ne. Tari na biyu sai ya haɗiye bishiyar gaba ɗaya, ƙulli miliyan ɗaya in miliyan ɗaya ne, kafin a buga ko da guda. Sannan ba za ka iya tsayawa a tsakiya ba; ko ƙulli uku na farko kawai kake so, sai ka zagaye bishiyar kaf. Don gwaji da ƙananan bishiyoyi ta isa.

Tambaya daga wani mai shirin jarrabawar ɗaukar aiki: An ce mini a irin wannan jarrabawa tari ɗaya ake so. Na gwada, amma a kan bishiya irin taku kod ɗina sai ya buga 5, 12, 14, 12, 14, 12, 14, ba ya tsayawa sai na kashe shi. Ina matsalar take?

Amsa: Jerin da ka kawo ya riga ya faɗi ciwon. Kod ɗinka yana isowa kan 9, ya ga yana da ɗan dama, ya gangara. Ya gama, ya dawo kan 9, ya sake ganin ɗan daman nan, ya sake gangarawa. Ba abin da ke tuna masa cewa ya riga ya je.

Maganin shi ne ka riƙe ƙullin da ka buga na baya-bayan nan. Ga cikakken tsarin:

```
def da_tari_daya(saiwa):
    tari = []
    yanzu = saiwa
    na_baya = None
    while tari or yanzu is not None:
        if yanzu is not None:
            tari.append(yanzu)
            yanzu = yanzu.hagu
        else:
            sama = tari[-1]
            if sama.dama is not None and sama.dama is not na_baya:
                yanzu = sama.dama
            else:
                print(sama.daraja)
                na_baya = tari.pop()
```

Mu bi shi a hankali, domin nan ne cibiyar maganar. Ana farawa da gangarawa hagu har iyaka: 20, 9, 5 duk sun hau tari, `yanzu` ya zama fanko. Sai a leƙa sama, ba a sauke ba tukuna. Na saman 5 ne, ba shi da ɗan dama, sai a buga shi a sauke, `na_baya` ya zama 5. Na sama yanzu 9 ne. Yana da ɗan dama, 14, kuma 14 ba shi ne `na_baya` ba, ashe ta hagu muka fito. Sai a bar 9 a wurinsa a koma kan 14. A ɗora 14, a ɗora 12. Tarin ya kai iyakar tsawonsa ke nan, ƙulli huɗu: 20, 9, 14, 12. A buga 12. A buga 14, tunda ba shi da ɗan dama. Ga mu kan 9 karo na biyu, amma wannan karon ɗansa na dama shi ne `na_baya`, don haka a buga 9 a sauke shi. Haka za a yi wa 20: ɗan damansa 31 ba shi ne 9 ba, a gangara, a buga 40, a buga 31, a dawo a tarar `na_baya` ya zama 31, a buga 20. Tari fanko, `yanzu` fanko, aiki ya ƙare.

Wani zai ce, ta yaya tuna ƙulli ɗaya tak zai wadatar a reshen da ke da dubban ƙullaye? Dalilin yana cikin tsarin kansa. A uwa-a-ƙarshe, kowane reshe da saiwarsa yake rufewa. Komai girman reshen dama, na ƙarshen da za a buga a cikinsa shi ne ɗan daman nan da kansa, kuma wanda ke biye da shi nan take uwarsa ce. Saboda haka in ka ga `na_baya` shi ne ɗan dama, tabbas reshen ya ƙare duka.

Banda mantawa da `na_baya`, akwai wurare uku da ake yawan tuntuɓe. Na farko sharaɗin madauki: in ka rubuta `while tari` kawai, tarin fanko yake a farko, madaukin ba zai ko fara ba, kod ya fita shiru ba tare da kuskure ba. Na biyu, wasu hannunsu kan zame su rubuta `yanzu = tari.pop()` a layin ƙarshe. Sai ƙullin da aka buga ya sake hawa tari, ka ga 5, 5, 5 har abada. Dole `yanzu` ya zauna fanko bayan bugawa, domin fankon ne ke sa zagaye na gaba ya leƙa sama maimakon ya gangara. Na uku, saukewa a inda ya kamata a leƙa. In ka sauke 9 tun dawowar farko, ka tafi wurin 14, to 9 ya ɓata ke nan, ba zai fito a jerin ba.

Ribar wannan hanya ita ce tarin ba ya wuce zurfin bishiyar, domin abin da ke cikinsa a kowane lokaci hanya ce kawai daga saiwa zuwa inda kake. Kowane ƙulli sau ɗaya yake hawa, sau ɗaya yake sauka, ana leƙa shi sau biyu in ya yi yawa, don haka lokacin aikin yana tafiya daidai da yawan ƙullaye. In mai yi maka tambaya ya nemi dalilin fifita ta a kan tari biyu, wannan ita ce amsar.

Tambaya daga wata mai rubuta manhaja: Malamai, kod ɗina na tari ɗaya ya ci duk gwajin da na yi masa. Amma da aka ba shi bishiyar da wasu lambobi suka maimaitu, sai ya riƙa tsallake rassa sukutum. Misali saiwa 2, ɗan hagu 7, ɗan dama 7: ya buga 7, 2 kawai.

Amsa: 'Yar'uwa, ba mu ga kod ɗinki ba, amma kusan tabbas daraja kike kwatantawa, ba ƙulli ba. Da aka buga 7 na hagu aka dawo kan 2, kod ɗin ya tambaya ko darajar ɗan dama daidai take da darajar na baya. Bakwai da bakwai ne, sai ya ɗauka ya riga ya je dama, ya wuce abinsa. Tambayar da ta dace ita ce ko wannan ƙullin shi ne wancan ɗin, ba ko sun yi kama ba. A Python `is` ke yin wannan. A Java `==` ne a tsakanin abubuwa biyu, ba `equals` ba. A C da C++ manuni, wato adireshin ƙulli a ma'ajiya, ake kwatantawa da manuni.

Akwai wani tarko a Python da ya kamata ki duba. In aji ne na yau da kullum, `==` yakan koma kwatanta ainihin abu, don haka mutum zai iya rubuta shi ya tsira. Amma in da `dataclass` kika gina ƙullin, shi da kansa yake ƙirƙirar kwatancen da ke bin filaye ɗaya bayan ɗaya: daraja, sannan hagu, sannan dama. Nan da nan rassa biyu masu kama da juna sun zama abu ɗaya a idonsa. Ƙari a kan haka, kwatancen nan shi ma kiran kansa yake yi yana gangarawa cikin rassan, wato abin da kika kora ta ƙofa ya dawo ta taga.

In kina so ki rabu da wannan gaba ɗaya, akwai hanya ta uku, wadda a ganinmu ita ta fi dacewa da aikin yau da kullum, ko da yake ba ta cika burge masu jarrabawa ba. Maimakon ki tuna na baya, ki liƙa wa kowane ƙulli alama a lokacin da yake hawa tari: an riga an buɗe shi, ko ba a buɗe ba.

```
def da_alama(saiwa):
    tari = [(saiwa, False)]
    while tari:
        kulli, an_bude = tari.pop()
        if kulli is None:
            continue
        if an_bude:
            print(kulli.daraja)
        else:
            tari.append((kulli, True))
            tari.append((kulli.dama, False))
            tari.append((kulli.hagu, False))
```

Karon farko da aka sauke ƙulli, ana mayar da shi da alamar an buɗe, a ɗora ɗan dama a kansa, a ɗora ɗan hagu a can sama. Tunda na sama ke fara sauka, hagu zai riga dama, dama ya riga uwa. Karo na biyu da aka sauke shi, 'ya'yansa sun riga sun wuce, sai bugawa. Babu kwatanta ƙulli da ƙulli ko ɗaya, don haka ko da ainihin ƙulli guda ne aka rataya a hagu da dama, abin da ke rikita dabarar `na_baya` ko da an yi amfani da `is`, wannan ba ruwanta. Kuɗin da za ki biya shi ne kowane ƙulli sau biyu yake hawa, tarin kuma yakan kai kusan ninki biyu na zurfin bishiyar. Sannan in kika sauya jerin layuka ukun ƙarshe kawai, kin samu sauran tsare-tsaren biyu: layin uwa a tsakiya ya ba ki uwa-a-tsakiya, layin uwa a ƙarshen rubutu, wato a saman tari, ya ba ki uwa-a-farko.

In kika mayar da wannan kod zuwa Java, ki lura cewa `ArrayDeque`, wanda aka fi ba da shawarar amfani da shi a madadin tsohon ajin `Stack`, ba ya karɓar `null`. Sai ki duba ɗan kafin ki ɗora shi, ba bayan kin sauke ba.

Tambaya daga wani malamin makaranta: Da kiran kai layi huɗu ne an gama. Ɗalibaina suna tambayata amfanin wannan wahala, ni ma kuma ina so in ji ta bakinku.

Amsa: Malam, ɗalibanka suna da gaskiya a mafi yawan lokuta. In bishiyar daidaitacciya ce, kiran kai ya fi tsabta, ya fi sauƙin karantawa, kuma ba ma ba kowa shawarar ya bar shi. Bishiyar da ta cika tsaf mai hawa 20 tana ɗaukar ƙulli 1,048,575. Ko bishiyar ja-da-baƙi, wata irin bishiya mai daidaita kanta, wadda ba ta kai haka tsananin daidaito ba, a ƙulli miliyan ɗaya zurfinta ba ya wuce kusan 40. Wannan ba komai ba ne a wurin kwamfuta.

Matsalar tana zuwa ne daga bishiyar da ba wanda ke daidaita ta. Ka sa ɗalibanka su zuba lambobi 1 zuwa 5,000 a jere cikin bishiyar bincike ta talakawa, wadda ba ta gyara kanta. Kowace lamba ta fi ta baya girma, don haka kowace za ta rataya a dama. Abin da zai fito igiya ce mai zurfin 5,000, ba bishiya ba. Python kuwa iyakar zurfin kira da yake zuwa da ita 1,000 ce, daga nan sai `RecursionError`. A Java sunan abin `StackOverflowError`. A C ba ma gargaɗi, manhajar faɗuwa kawai take yi. Tarin kira na babban zare, wato babban layin da aikin manhaja ke gudana a kai, a yawancin na'urorin Linux megabayit 8 ne, a Windows kuwa megabayit 1 aka saba. A ce kowane kira yana cin bayit 64, megabayit 8 zai ƙare a kira 131,072, kuma fankishin mai ajiye abubuwa da yawa zai cinye shi tun kafin nan. Tarin da ka gina da hannunka yana zaune ne a babbar ma'ajiyar manhaja, inda fili ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Ana iya ɗaga iyakar Python da `sys.setrecursionlimit`, ana kuma iya faɗaɗa tarin Java da `-Xss`. Wannan ɗage ranar wahala ne kawai in ba ka san iyakar zurfin abin da za a kawo maka ba, musamman in daga waje bayanan ke shigowa, inda wani zai iya turo tsari mai zurfin gaske da gangan don ya kayar da manhajar.

Ga wani amfani da ba a cika ambata ba: da tari a hannunka kana iya dakatar da tafiyar, ka ajiye tarin, ka ci gaba daga baya. Haka ake gina abin da ke miƙo ƙulli ɗaya a duk lokacin da aka nema, a harsunan da ba su da `yield`.

Tambaya daga wata ɗaliba: Duk misalan da nake gani bugawa kawai suke yi. Ni kuwa lissafi nake so in yi, inda amsar uwa ta dogara da amsoshin 'ya'yanta. Da kiran kai `return` ke dawo da su. Da tari fa?

Amsa: Tambaya mai kyau, domin ainihin amfanin uwa-a-ƙarshe ke nan. Ba ka sanin girman jakar fayiloli sai ka san girman abin da ke cikinta, ba ka sanin tsayin ƙulli sai ka san na 'ya'yansa.

Ki ƙara tari na biyu, na amsoshi zalla. Ɗauki lissafin nan: a ɗebe 3 daga 8, a raba 6 da 2, a ninka amsoshin biyu. A matsayin bishiya, alamar ninkawa ce saiwa, ɗebewa a hagu da ganyenta 8 da 3, rabawa a dama da ganyenta 6 da 2. Uwa-a-ƙarshe zai ba ki 8, 3, −, 6, 2, ÷, ×. Wannan shi ne rubutun lissafi mai alama a baya, wanda aka juyo daga tsarin da masanin mantiƙi ɗan ƙasar Folan, Jan Łukasiewicz, ya fito da shi a shekarun 1920, kuma shi ne wasu na'urorin lissafi na kamfanin HP suka shahara da shi. A duk inda kod ɗin baya ke da `print`, ki sa wannan ƙa'ida: in ganye ne, ɗora darajarsa a tarin amsoshi, in alama ce, sauke biyu, yi lissafin, ɗora sakamakon. Tarin zai tashi daga 8, zuwa 8 da 3, ya koma 5, ya zama 5 da 6 da 2, ya koma 5 da 3, ya ƙare a 15.

Wanda ya fara sauka na dama ne, na biyun shi ne na hagu. In kika juya su, 8 za ki ɗebe daga 3, ki raba 2 da 6, ki tashi da kusan −1.67. Gwaji da tarawa da ninkawa kaɗai ba zai taɓa nuna miki wannan ba, don haka ki tabbata akwai ɗebewa a cikin gwajinki.

In tsayi kike lissafawa, ki tuna ba kowane ƙulli ke da 'ya'ya biyu ba. A bishiyarmu 14 ɗan hagu kaɗai gare shi, 31 kuma ɗan dama kaɗai. In kika sauke amsa biyu a kan 14, kin ɗauke ta 12 kin haɗa da ta 5, wadda ke jiran 9. Ko dai ki sauke daidai yawan 'ya'yan da ke akwai, ko kuma, a hanyar alama, ki ɗora sifili a tarin amsoshi duk lokacin da kika sauke fanko, ta yadda kowace uwa za ta tarar da amsa biyu cif.

Tambaya daga wani mai aiki da harshen C: Ina so in share bishiya in mayar da ma'ajiyarta da `free`. Zan iya ɗaukar hanyar `na_baya` kai tsaye? Kuma gaskiya ne akwai hanyar da ba ta buƙatar tari sam?

Amsa: Kai tsaye, a'a. Da ka yi wa ƙulli `free`, `na_baya` da manunin da ke jikin uwarsa duk suna nuna wurin da ba naka ba ne kuma, ƙa'idar C kuma ba ta lamunce maka komai game da darajar irin wannan manuni, ko da kwatantawa kawai za ka yi. A aikace yakan yi aiki, amma ba abin dogaro ba ne. Sa'ar da ka yi ita ce sharewa ba ta buƙatar uwa-a-ƙarshe na gaskiya. Abin da ake gudu kawai shi ne karanta 'ya'ya daga jikin ƙullin da aka riga aka share. Sai ka sauke ƙulli, ka ɗora 'ya'yansa biyu a tari in akwai su, sannan ka yi masa `free`. Babu leƙe, babu alama, babu `na_baya`. In C++ kake rubutawa da `std::stack`, ka tuna `pop` ba ya dawo da komai. `top` ake fara kira, kuma kiransa a kan tari fanko haɗari ne.

Batun rashin tari kuwa gaskiya ne. Joseph Morris ya wallafa dabarar a 1979. Tana aron manunin dama na ƙullayen da ba su da ɗan dama, ta ɗaura shi na ɗan lokaci ya nuna hanyar komawa sama, ta kwance shi in ta dawo. A uwa-a-tsakiya tana da sauƙin bi. A uwa-a-ƙarshe sai an ƙara ƙullin bogi a saman saiwa, a kuma riƙa juya jerin manunan dama ana bugawa ana mayar da su yadda suke. Tana taɓa bishiyar yayin da take tafiya, saboda haka in wani zare na karanta bishiyar a lokaci guda, ko kod ɗin ya katse a tsakiya, za a bar ka da manunan da ke zagayawa a da'ira. Sai in ma'ajiya ta yi maka ƙaranci ƙwarai, kamar a ƙananan na'urori, za mu ce ka neme ta.